Idon Tumba

Samarin yanzu in suka shigo zaurena suka ga 'yar ƙwarya a rataye da ƙwallayen goruba a ciki, sai sun tambaya, in na ce musu da ita na ci abinci shekara da shekaru kuma su bushe da dariya. Kwanan baya ɗan ƙanena, wanda ya yi elementare a Rabah, ya sauko da ita ya jujjuya, ya ce, "Baba, mi ad da wuya ga wanga aiki? Ka buɗe ƙwarya ka ruhe, yaro shi hwaɗi ko nawa yag gani. Ai wasan yara na."

Ban yi masa gardama ba, don da wasa ake farawa. Amma tunda ana son ji, bari in ba da labarin aikin tun daga tushe, in kuma ba da na Tumba, yarinyar da ta fi duk yaran da suka zauna gabana ido. Ba ta kai shekara takwas a duniya ba, kuma idon nan nata yana cikin abin da ya kai ta kabari.

Ni makiyayin awakin gari ne a Tursa. Da damina, in shuka ta fito, ba a barin akuya sake, sai a haɗa na unguwa duka a ba mutum ɗaya. Da hantsi nakan bi ƙofa-ƙofa ina kira, kowane gida su koro nasu, in bi burtali da su zuwa daji, kafin rana ta faɗi in juyo. Wannan rabin aikin ne, kuma shi ne mai sauƙin. Mai wuyar yana bakin ƙofa. Awakin nan kusan duk na mata ne, matan kuwa suna kulle. Akuya ta san gidansu, da mun shigo gari sai garke ya watse, kowace ta sheƙa a guje ta faɗa ƙofarsu. In ɗaya ta ɓace, a daidai wannan lokacin ake so a sani, tun da sauran haske, in koma in nemo ta kafin kura ta riga ni. Matar gida tana can wajen murhu, manyan yara ba su dawo daga gona ba. Saboda haka kowane gida akan tsayar da ƙaramin yaro, ɗan shekara huɗu ko biyar, a bakin ƙofa. Awaki su wuce ta gabansa, shi kuma ya ɗaga murya ya faɗi ɗayan biyu, ko "Sun cika," ko "Ba su cika ba." Uwa ta ji daga ciki, ni in ji daga waje. Koya wa waɗannan yaran shi ne sauran rabin aikina.

Wani zai ce me ya hana yaron ya ƙirga. A wurinmu ba a nuna dabba mai rai da yatsa a ƙirga ta, tsofaffi sun ce raguwa take yi. Ni ba zan rantse a kan wannan ba, amma na san duk matar da ta leƙo ta ga ɗanta yana nuna awakinta da yatsa, ranar zai sha muciya. Ko ba don haka ba ma, akuya a guje ba ta tsayawa a ƙirga ta. Yaro zai ce ɗaya, biyu, kafin ya kai uku ta farkon ta zagayo ta sake wucewa, ya ƙirga ta sau biyu, ya ce sun cika alhali ɗaya tana can daji ta maƙale a ƙaya. Dole ido ya ɗauke su gaba ɗaya, yadda kake gane fuskar mutum ba sai ka duba hanci daban baki daban ba.

Ranar da babana ya kai ni wurin Bappa Buba, wani Bafillace da ke zaune da shanunsa wajen Goronyo, na zaci sanda zai ba ni. Sai ya tsuguna, ya tsinci busasshen kashin awaki, ya dunƙule a hannu, ya buɗe a gaban hancina ya rufe. Ya ce, "Nawa?" Na ce ban gama ƙirgawa ba. Sai na ji ranƙwashi a tsakiyar kai. Ya ce, "Wa yac ce ka ƙirga? Duba nic ce." A haka muka cinye daminar nan. In ya ga leɓena na motsi, ranƙwashi. In ya ga kaina na gyaɗawa, ranƙwashi. Har yatsun ƙafata yakan duba, don ya san yaro na iya ƙirga da su a cikin rairayi. Wata safiya ya buɗe hannu ya rufe, sai na ji bakina ya ce huɗu tun kafin in yi tunani. Bappa ba ya yabo, sai dai ranar ya ƙara mini nono a ƙwarya.

Shi ya nuna mini iyakar ido, wato biyar. Abin da ya haura biyar ido ba ya riƙe shi a dunƙule, sai an raba, bakwai ka gan shi huɗu da uku, tara ka gan shi biyar da huɗu. Duk wanda ya ce maka yana ganin tara gaba ɗaya, ko dai cika baki yake, ko ya raba bai sani ba. Da haka Bappa yake duban shanunsa, ƙungiya-ƙungiya, kowace uwa da zuriyarta, kuma ban taɓa jin ya faɗi yawansu ba, ko a gaban masu jangali, waɗanda suke shan fama da shi duk shekara.

Da na koma Tursa na kama nawa aikin, ba irin kayan koyarwar da ban gwada ba. Kashin awaki, mata suka ce ƙazanta nake koya wa 'ya'yansu. Gyaɗa, kafin in waiwaya an cinye darasin. Tsakuwa ba ta zuwa girma ɗaya, sai yaro ya riƙa gane babbar ya manta da yawan. Ƙwallon goruba da aka gwigwiye shi ne ya yi daidai, girmansu kusan ɗaya, ba sa gangarawa, kuma ba yaron da zai haɗiye su. Sai ƙwarya madaidaiciya wadda hannu ɗaya zai ɗaga, da wuri mai sharar ƙasa a gindin tsamiyar bakin gari. Da sassafe, kafin raɓa ta bushe a fita da awaki, yaran su zauna gabana. In zuba ƙwallaye in kife ƙwarya, in ɗaga in mayar. Ɗagawar nan ita ce sana'ar. In ka daɗe yaro zai samu damar ƙirgawa, ka ɓata shi ke nan. In ka cika sauri sai ya koma canka, wannan kuwa ya fi muni, don mai canka wata rana yana dacewa sai ya ɗauka ya iya. Kowane yaro da irin ɗagawar da ta dace da shi, kuma idonsa kake kallo, ba ƙwaryar ba.

Ɗaya da biyu ba a koya wa kowa, da su ake haihuwar yaro. Uku nakan jera kamar duwatsun murhu, huɗu kamar ƙafafun gado, biyar in ɗora ɗaya a tsakiyar huɗun. In sun zauna masa sai in watsa su barkatai, don akuya ba ta jeruwa. Daga nan a koma kan 'yan tsaki masu bin uwarsu, sannan a tsayar da shi ƙofa. Mai saurin kai damina ɗaya ta ishe shi, wani biyu, wani kuwa har ya isa riƙe fartanya bai iya ba, sai a tura shi gona a kawo ƙanensa.

Ladana dami ne daga kowane gida in kaka ta yi, sai zagi wanda ba ya jiran kaka. Akwai wata mai awaki huɗu da ɗa ɗaya malalaci, wanda ya gano cewa da ya ce sun cika ake sakin sa ya tafi wasa. Ko kallon ƙofar ba ya yi. Wata yamma ya faɗi abinsa ya ruga, ashe akuyarsu mai ciki tana can baya. Da safe ƙaho da kofato muka tarar. Matar nan ta bayan zana ta zage ni, ta zagi ubana, ta haura kan kakana da ba ta taɓa gani ba, ɗan nata kuwa ta ce ai yaro ne. Da kaka ta yi sai ta aiko mini da damin da ko kaza za ta iya ja.

Aikin ya ƙara nauyi lokacin da Turawa suka ce fatar jar akuya suke so. Malaman dabbobi suka riƙa zagayowa suna dandaƙe duk bunsurun da ba ja ba. A da yaro yakan samu sauƙi, ya ce ina baƙar, ina mai roɗi-roɗi. Cikin 'yan shekaru garke ya koma ja wur, kamar uwa ɗaya ta haife su, ba abin da ya rage wa yaron bakin ƙofa sai ganin yawa. A shekarun nan gindin tsamiya cika yake yi da safe, har daga ƙauyukan gefe ana aiko mini da yara.

A cikinsu aka kawo Tumba. Kakarta ce ta riƙo hannunta, 'yar siririya mai shiru, shekarunta ba su wuce biyar ba. Ubanta ya tafi cin rani kudu, shekara ta zagayo ba shi ba labarinsa. Gidan ya rage su huɗu, tsohuwar, da surukarta Kulu uwar yaran, da Tumba, da ƙanenta Nomau da ba a daɗe da yaye shi ba. Awakinsu biyar, kuma su ne duk abin da Kulu ta mallaka. Tsohuwa ta ce, "Mai awaki, ga ɗiyag ga. Ba ta da surutu, amma ba abin da ka wuce ta."

Na kife uku, na ɗaga na mayar. Ta ce, "Ukku." Na watsa biyar. Ta ce, "Biyat." Sai na yi abin da ba na yi wa sabon yaro, na zuba bakwai don in ga iyakarta. Ta ce, "Huɗu da ukku." Ba wanda ya taɓa koya mata rabawa. Na yi murnar da ban taɓa yi a kan yaro ba, har na ce wa tsohuwa gidansu ba na son dami. Da idonta ta zo, ni wasa shi kawai na yi, na rage ɗagawar ƙwarya har ta koma kamar ƙiftawa.

Damina biyu ta tsaya ƙofarsu, ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Maƙwabta in yaronsu ya rikice ita suke kira. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, irin wannan idon ba ya hutawa. Tana tafe za ta ce shirwa uku a sama, mutum biyar a zauren liman, tulu huɗu a bakin rijiya, ba don an tambaye ta ba. Da rana kuma ta zaunar da Nomau a ƙofar gida, ta samo sakaina da tsakuwoyi, tana kwaikwayon muryata tana cewa, "Wa yac ce ka ƙirga?" Har ranƙwashin ba ta bari ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, abin da ya yi saura fara ta sauka ta share. Lokacin Turawa na can suna yaƙinsu, ana zuwa ana auna hatsi a rumbuna ana tafiya da shi, haraji kuma bai nuna ya ji labarin fara ba. Awaki suka kama hanyar kasuwar Goronyo da ta Wurno. Ba don nama ake sayen su ba, ba naman a jikinsu, don fata ne, kuma geron da kuɗin zai saya bai kai ka goya a baya ba. Da daminar gaba ta kama, lokacin da yunwa ta fi cizo, an yi shuka amma ba abin da ya nuna, garken da yake cika burtali ya koma ɗan abin da ko sabon yaro zai ɗauke da kallo ɗaya. Mutane suna cin anza da bado da ganyen tafasa. Kulle ya tashi ba wanda ya ce a tashe shi. Kulu ta sayar da huɗu ta bar ɗaya, ita kuma kullum tana zuwa daka gidan wani mai sayen fata, ana biyan ta da dusa. Akuya ɗaya ba ta bukatar mai tsaron ƙofa, amma duk yamma Tumba tana nan tsaye, in ta shige ta ce sun cika, kamar yadda ta saba.

Yara uku suka rage mini a gindin tsamiya, har da ita, ko da yake ba abin da ya saura in koya mata. Wata safiya na watsa biyar, na ɗaga na mayar, ta ce huɗu. Na zaci tsokanata take, na sake. Ta daɗe tana kallon bayan ƙwaryar, ta ce, "Baba, sake." Tunda nake da ita ba ta taɓa cewa in sake ba. Na dube ta da kyau. Kowa ya rame a garin, shi ya sa rama ba ta jan ido, amma nata wuyan ya koma kamar sillen kara, gashinta ya yi ja. Na ce ko ba ta da lafiya, ta ce lafiyarta lau.

Da yammar ranar, da na kawo akuyarsu, Kulu ta kira ni ta bayan zana. Ta ce, "Baba, Allah shi saka da alheri. Kullum sai na aiko Tumba da godiya, ban sani ba ko tana isarwa."

Na ce, "Godiyam mi, ɗiyata?"

Ta ce, "Nonon da kai kaka ba ta. Kullum in na aje abinci sai ta ce ta ƙoshi wurinka, in ci nata."

Na ce, "Kulu, wace akuya ad da nono cikin garin ga? Wadda tah haihu ma ɗanta mutuwa yay yi."

Na ji zanar ta motsa, ta zauna a ƙasa. Can sai ta gaya mini yadda abin yake. Dusar da take samu, in ta dafa da tafasa ta dunƙula, dunƙule uku take yi, ba ta taɓa kai huɗu ba. Sai ta ajiye ƙwarya a tsakiya ta ce ita ta ci nata tun a gidan daka. Tsohuwa ba ta gani sosai, Nomau kuwa ƙarami ne, da an miƙa masa sai baki. Tun farkon ruwa Tumba ta fara cewa ta ƙoshi a wurina, wata rana ta ɗan gutsura, wata rana ko taɓawa ba ta yi. Na ce ta yaya ta yarda da wannan magana. Ta ce, "Baba, yunwa nika ji. Na so shi zan gaskiya na."

Washegari na sallami sauran yaran, na zaunar da Tumba. Na ce, "Mi yas sa kin ka yi ƙarya da sunana?"

Ta ce, "Inna ma ƙarya takai. Ta ce ta ci nata. Baba, ƙwaryag ga ba ta taɓa zakuwa da huɗu ba, kuma babu gurbin na huɗun. Mu kau huɗu na."

Na ce, "To ke aka ce ki gyara?"

Ta ce, "Ita ka zuwa daka. In tah hwaɗi, wa ka kawo muna dusa? Ni zaune nike."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban kuma san da wa zan yi fushin ba.

Dabarar da na sani ita na ba Kulu. Na ce ta raba shi huɗu. Ta raba. Tumba ta kalli ƙwaryar sau ɗaya ta ce, "Ukkun jiya na an ka tsaga," ta ɓalle rabin nata ta tura wa uwar. Na ce to a daina dunƙulawa, a dama shi kunu, abin da ba shi da ɗaya balle biyu. Wannan ya ɗan ci, ta fara sha. Ina da ɗan bunsuru ɗaya nawa na kaina, na ja shi zuwa Goronyo, na dawo da ɗan gero a ƙasan jaka, Kulu ta dama mata kunu na gaske. Amma an makara. Cikin ya riga ya ƙi abinci, abin da ya shiga sai ya fito, ƙafafunta suka kumbura, ta daina fitowa ƙofa.

Na je duba ta sau ɗaya da ƙwaryar, don ita ta aiko a ce in zo da ita. Tana kwance a inuwar rumbu. Na zuba uku, na jera su kamar murhu, irin na ɗan farawa, na ɗaga ƙwaryar ban mayar ba. Ta kalla, ta kalla, ta ce, "Baba, ba ni gani ƙwarai. Sai dai in ƙirga." Har ta ɗan noƙe kai don sabo. Na ce ta ƙirga, yau ba ranƙwashi. Ta sa yatsa ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ta rasu gero ya fitar da kai, saura kaɗan a fara gasa tumu.

A wurin gaisuwa Kulu ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "Da ka bar mani ɗiyata da idonta na yara. Kowace uwa cikin garin ga ƙarya takai ma ɗiyanta su ci. Ni ɗai tawa ba ta kamawa." Har yau ban ga laifina ba, abin da aka koya mini na koyar, kuma awaki da yawa sun kwana gida saboda shi. Ban ga na Kulu ba, ban ga na yarinyar ba. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, da akwai mai laifi da na samu wanda zan riƙa zagi. Da maganar ta zaga gari, matan da suka rage suka janye 'ya'yansu daga gindin tsamiya, wata ta aiko mini cewa bana ba ta son ɗa mai ido. Na gane abin da take nufi, ban ji haushinta ba.

Aikin ban bari ba. Da aka samu damina mai kyau awaki suka sake yawa, mata suka manta, ko suka yi kamar sun manta, aka ci gaba da aiko mini da yara, don dole wani ya tsaya ƙofa. Na koyar har ƙafata ta gaza bin burtali. Sai dai tun daga lokacin, in na ga yaro yana da saurin ido ba na murna, gabana ne yake faɗuwa, kuma ba na rage masa ɗagawar ƙwarya. Ya iya na awakin gidansu, shi ke nan, in sallame shi. Ɗan ƙanena ya ce a makaranta da yatsu da tsinke ake koya musu, ɗaya bayan ɗaya. Na ce madalla, mai ƙirga aƙalla sai ya ga dama yake sani.

Abin da ya sa ban taɓa iya kiran aikin wasa ba, a gidan Kulu na gan shi, bayan an share makoki. Na kawo akuyarsu da yamma, ba kowa a ƙofa, sai na kora ta har tsakar gida, don shekarar nan ba mai hana kowa shiga. Na tarar Kulu ta fito da abinci. Gerona ya ƙare, ta koma dusa da tafasa, ta kuma koma dunƙulawa, tunda ba sauran wanda za a ɓoye wa. Ta ajiye ƙwarya a tsakiya, dunƙule uku kamar kullum, tsohuwa a gefe ɗaya, Nomau a ɗaya gefen. Yaron ya leƙa ciki sau ɗaya. Na kalli bakinsa don sabon aiki, leɓensa bai motsa ba, kansa bai gyaɗa ba, yayarsa ta koyar da shi da kyau. Ya ɗago ya dubi uwarsa da fara'a, ya ce, "Inna, yau sun cika."

Kulu ta ɗauki nasa ta miƙa masa, ya karɓa ya ci.